Bututu a Kan Rufin Ya Kaltum

Ya Kaltum ba ta taɓa jin an ce mutum mai hankali ya bar gidansa ya hau keke don kallon taurari ba, sai ranar da Siddiƙa ta zo mata da zancen. Taurarin da ke saman kowa kullum, har da mai kwana a bakin titi? Ta so ta yi dariya, sai dai ta ga yarinyar ba da wasa ta zo ba. Malamar kimiyya ce a wata sakandare, ta kuma ƙirƙiro wani yawo na yamma. Takan tara baƙin gari ta zaga da su, su ci abin da Maiduguri ke ci, su sha abin da take sha, in duhu ya shiga a ƙare a wani wuri marar hasken lantarki a leƙa sama da madubin hangen nesa. Ta ce ta duba ko'ina ba ta ga wurin da ya kai rufin gidan Ya Kaltum da ke can ƙarshen unguwar Ajilari ba. Marigayi mai gidan ya zuba rufin kankare da niyyar ɗora bene, ajali ya riga shi, rufin ya zauna fili fetal, ana shanya kuɓewa a kai.

"Ke za ki yi mana burabusko da miyar bandar kifi, Ya Kaltum," in ji Siddiƙa. "Kuma ina neman ƙarin keke napep ɗaya. An ce ɗanki yana ja."

Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai ta shiga kunnen tsohuwar.

Mikail ne ɗan, shi kaɗai ya rage mata. A shekarun da gari ya rikice an yi wani kame a unguwar bayan tashin bam, aka kwashe duk saurayin da aka tarar a layi, har da shi, yana dawowa daga ɗebo ruwa. Ya tafi gemunsa bai gama fitowa ba, ya dawo da furfura a gefen kai. Waɗanda suka riƙe shi shekara da shekaru sun ce ba su same shi da komai ba, suka sake shi. Unguwa ce ba ta sake shi ba. Ana gaishe shi, amma daga nesa. A masallaci kullum akwai ɗan giɓi a sahu, dama da hagu da shi. Mata sun gwammace su tsaya rana ta gasa su da su shiga kekensa. Shi kuwa bai taɓa cewa uffan ba, sai wata safiya yana wanke keken ya ce da ita, ba tare da ya ɗago kai ba, ya fara tunanin tafiya inda ba wanda ya san fuskarsa.

Ta riga ta san yadda gidan nan yake in ba ya ciki. Ta san yadda ake dafa tuwon mutum ɗaya a kasa cinyewa. Tun daga wannan safiyar tsoro ɗaya ne ke kwana da ita yana tashi da ita, kada yaron nan ya sake fita daga hannunta. Shi ya sa da Siddiƙa ta ambaci keke, nan take ta hango abin da take so: baƙi masu mutunci a cikin keken Mikail, a kan tabarmar gidansu, suna cin abinci tare da shi, unguwa tana kallo.

"Sai dai ki sanar da Bulama, mai unguwarku," Siddiƙa ta ƙara da cewa tana gyara mayafi. "Kin san garin nan."

Ta sani mana. Tun lokacin tashin hankali ba a tara baƙi a gida, ko na suna ne, sai mai unguwa ya ji, shi kuma ya gaya wa matasan sintiri. Ta ɗaura lafayarta da la'asar ta nufi ƙofar Bulama Ajimi. Tana dab da isa ta tarar da maza zaune a kan tabarma, ta kuma tsinkayi muryar Ba'ana, maƙwabcinta na bango ɗaya, yana cewa, "Wanda ya daɗe a can, ko bai shiga da abin ba, ai da shi zai fito." Ba su ambaci suna ba, ba sai sun ambata ba. Idan ta yi magana a gaban waɗannan, Bulama ya ce a'a, shi ke nan an gama. Ta gaishe su da wushe, suka amsa, ta wuce kamar gishiri ta fito saye. Da daddare Siddiƙa ta kira ta a waya, ta ce mata, "Na faɗa masa, ya ce Allah ya sa albarka." Haka ta faɗa wa Mikail ma. Ba ta ɗauke shi ƙarya mai nauyi ba, uwa ce kawai da ta ga ƙofa a buɗe tana gudun kada a rufe.

Ranar yawon ta gama girki da wuri, ta zuba a kuloli ta rufe, sannan ta ce za ta bi su saboda turaren wutarta ya ƙare. Turare yana nan cike da kwalba. So take ta gani da idonta.

A bakin Kasuwar Litinin aka haɗu, rana ta fara laushi. Keke uku ne. Baƙin akwai ɗalibai, akwai ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, sai wani Bakano mai kawo atamfa, Ya'akubu, ƙaton mutum mai dariya kamar ana mirgina ganga. Shi ya faɗa keken Mikail ba tare da ya ko dubi fuskar direba ba, ya matsa ya ba Ya Kaltum wuri, aka gitta wata doguwar baƙar jaka a kan cinyoyinsu. Madubin ke ciki. Siddiƙa ta shige gaba tana bayani, ta nuna musu shatin ruwan ambaliya da har yanzu ke jikin bangaye, sama da ƙirjin mutum. Aka saya musu ardeb mai sanyi, wato jiƙon tsamiya da kayan ƙamshi. Ya'akubu ya kurɓa ya lumshe ido ya rantse cewa Kanawa sun daɗe suna wulaƙanta tsamiya.

Daga nan suka gangara wajen Kasuwar Kwastam, inda hayaƙin masu gashi ya fara tashi. Aka yanko balangu, wani Bashuwa ya zubo musu shayi mai kanumfari a ƙananan kofuna. Ya'akubu ya baje takardar namansa a kan kujerar keke ya ce, "Direba, sa hannu mana."

Mikail ya waiga bayansa don ya ga da wa ake.

"Kai fa nake nufi, ɗan'uwa. Ni ba na iya cin nama ni kaɗai, maƙale mini yake."

Ya miƙa hannu a hankali, kamar mai tsoron takardar za ta ƙone shi, ya ɗauki yanka ɗaya. Ya'akubu ya tura masa mai kitsen. Suka ci tare, hannu na gogar hannu, Bakanon yana ta zuba surutu a kan tsadar man keke. Ya Kaltum ta kawar da kai ta goge ido da gefen lafaya, ta ce yaji ne ya shigar mata. Da aka kira magariba suka tsaya a wani masallacin bakin titi. Daga inda mata suka shimfiɗa tabarma tana hango bayan ɗanta a sahu, kafaɗarsa manne da ta mutum ta kowane gefe. Daɗin da ta ji a wannan sallar ya sa har ta manta raka'ar da take.

Duhu ya fara rufa gari lokacin da suka shiga Ajilari. Siddiƙa tana ta cewa a yi sauri kafin Zara ta faɗi, don haka ba a tsaya gaisawa da kowa ba. Keke uku suka tsaya a ƙofar gida, baƙi suka shige ciki a jere, Mikail ya saɓa doguwar jakar a kafaɗa ya haye matakalar siminti. Ya Kaltum ta lura da kawunan da ke leƙowa ta saman katanga, ranta ya yi fari ƙal. Su kalla da kyau, abin da take so ke nan.

A sama aka shimfiɗa tabarmi, ta zuba burabusko a manyan tire, ta malala miyar banda, ƙamshi ya cika rufin. Ana cikin ci Siddiƙa ta ce kowa ya kashe tocila, ya kife wayarsa, don ido ba ya ganin taurari sosai sai ya saba da duhu. Aka kashe komai. Mikail ya ware ƙafafu uku na ƙarfe ya kafa, ya ɗora bututun a kai, ya karkata bakinsa sama yadda malamar ta nuna masa, ta ɓangaren da Zara take, wanda kuma shi ne ɓangaren filin jirgin sama.

Wanda ba ɗan garin nan ba ne ba zai ga komai a wannan ba. Amma Ajilari unguwa ce da rokoki suka taɓa faɗowa a cikinta, mutanenta sun tsinci abin da suka tsinta da hannunsu. Baƙi ba sanarwa, gida ya yi ɗif ba haske, ga inuwar dogon bututu a kan ƙafafu uku yana duban filin jirgi, kuma a gidan wa? Duk wannan Ya Kaltum ta san shi sarai, da a rufin wani ne da ita za ta fara kururuwa. Sai dai tana kan nata rufin, hankalinta kuma yana kan tiren da ɗanta ke ci tare da mutane.

Sama ta buɗe musu. Siddiƙa ta nuna musu Zara tana dab da faɗuwa, ta nuna inda Kaza da 'Ya'yanta za su ɓullo ta gabas, sannan ta juya bututun ta ce ga tauraron Zuhal, a zo a gani ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya leƙa sai ya ɗago da salati. Da layi ya zo kan Ya Kaltum ta ce ita idonta ya tsufa, Mikail ya kamo hannunta.

"Ya, rufe ɗaya idon. Kada ki taɓa shi, leƙa kawai."

Da farko baƙi ta gani. Can sai ga wani ɗan farin ɗigo sanye da siririn zobe, yana zaune shi kaɗai tsaf, kamar an wanke shi an ajiye. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Inda nake," in ji Mikail a hankali kusa da kunnenta, "ba a ganin sama, Ya. Ko kaɗan."

Tun da ya dawo bai taɓa ambatar wurin ba sai yanzu. Ta ƙara damƙe hannunsa.

"Malama ta ce in ina so, duk mako ni zan riƙa ɗauko kayan nan," ya ce. "Na ce mata to."

Ba ta kai ga yin hamdala ba ta ji ihun wata mata daga ƙasa. Sai ƙarar ƙofofi, sai gudu, sai kukan yara, wani yana busa usur ba ƙaƙƙautawa, wani yana dukan ƙarfe. Unguwa ta kwashe da gudu baki ɗaya. Baƙin suka zube rub da ciki a kan kankare, wata ɗaliba ta fashe da kuka, Ya'akubu yana ta innalillahi. Duk sun ɗauka hari aka kawo. Ya Kaltum ta rarrafa zuwa bakin rufi ta leƙa, ta ɗaga murya.

"Jama'a, lafiya? Ta ina suka shigo?"

Tocilolin da ke layin gaba ɗaya suka juyo kanta.

Kafin ta gama fahimta an ɓalle ƙofar gida, matasan sintiri sun hauro da gorori, Ba'ana a gabansu. Hasken farko da ya faɗa kan Mikail ya same shi a durƙushe, hannu biyu a kan ƙeya, kai a sunkuye. Ba wanda ya ce ya yi haka, jikinsa ne ya riga ya san yadda ake yi. Wannan bai hana Ba'ana sauke masa gora a kafaɗa ba, ya ƙara masa a gefen fuska. Bai yi ƙara ba. Uwar ce ta yi, ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta. Siddiƙa ta ware hannuwa a gaban bututun tana ihu, "Madubi ne! Wallahi madubin kallon taurari ne! Ku leƙa ku gani!" Ba mai sauraronta. Wani ya yi fatali da tire, burabusko ya watse a ƙarƙashin ƙafafu.

Muryar Bulama Ajimi ce ta tsayar da su. Dattijon ya hauro yana haki, yana dafa bango. Ya dubi baƙin da ke kwance, ya dubi miyar da ta zube, ya dubi bututun, ya zaga shi. Siddiƙa ta nuna masa inda ake sa ido. Ya cire hularsa ya sunkuya.

"Subhanallah," ya ce. Ya miƙe ya mayar da hula. "Madubi ne. Ku sauke sandunan nan."

Wasu suka sauke. Ba'ana bai sauke ba, kuka yake kamar ƙaramin yaro. "Madubi? Bulama, Sa'adiya tana gudu ta faɗa kwata, da cikin nan nata da ya tsufa. Jini take zubarwa, yanzu aka ɗauke ta zuwa asibiti. Madubi za ka ce mini?"

Sa'adiya matar Ba'ana ce, yarinya mai kunya, ita kaɗai ce a layin ke aiko musu da kunu a ɓoye.

Bulama ya juya kan Siddiƙa. "Ke 'yata, da iliminki, ki kawo baƙi da irin wannan abu cikin Ajilari ba ki sanar ba?"

"Baba, an ce an sanar da kai," in ji Siddiƙa. "Ya Kaltum ta ce ka sa albarka."

Mikail ya ɗago kai, jini na bin kumatunsa, ya dubi uwarsa. Ba fushi a idonsa, da ma fushi ne da ya fi mata sauƙi.

"Na je," in ji Ya Kaltum. "Na je har ƙofarka. Na ji abin da ake faɗa a kan tabarma, na ji tsoro kada ka hana."

Dattijon ya girgiza kai a hankali. "Kaltum, Kaltum. Da kin faɗa mini, da ni zan fara hawa rufin nan. Da na jawo Ba'ana da liman mun zauna mun ci a tire ɗaya da yaron nan, kowa yana gani. Na daɗe ina neman dalilin da zan yi haka, ban samu ba."

Ba ta taɓa jin magana mai zafin wannan ba, ko ranar da aka kama Mikail.

A ƙasa hayaniya sai ƙaruwa take. Waɗanda suka gudu sun fara dawowa, da takalmi ɗaiɗai, da yara a kafaɗa, da kunyar gudun da suka yi, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya ga tauraro mai zobe. Abin da ya isa kunnensu shi ne ɗan Kaltum ya kafa wani abu a rufi, matar Ba'ana kuma tana tsakanin rai da mutuwa. Ana kiran isha'i a masallacin unguwa, ba wanda ya motsa daga ƙofar gidan.

Bulama ya leƙa ƙasa ya dawo, ya rage murya. "Yanzu ina iya riƙe su. In labari marar daɗi ya zo daga asibiti, ba zan iya ba. Yaro ya fita yanzu, a tsakiyar baƙin nan, ni zan shige gaba. Kada ya dawo unguwar nan, ba gobe ba, ba jibi ba."

"Har yaushe?" in ji Ya Kaltum.

Bulama ya juya ya nufi matakala.

Siddiƙa ta kwance bututun tana kuka ta cusa a jaka. Baƙin suka miƙe suna kakkaɓe jiki, ba mai iya duban wani. Aka sauko tsakar gida. Mikail ya shiga ɗaki ya fito da 'yar leda, ko minti bai yi ba, sai a lokacin ta gane kayan sun daɗe a ɗaure. Ya zo gabanta ya durƙusa, ya kama ƙafarta.

"Ya, ki yafe mini."

"Ni zan yafe maka? Me ka yi mini?"

"Ki dai yafe, ki sa mini albarka."

Ta san ɗanta. Ba zai tsallake bakin ƙofar nan ba sai ta furta, ko da za a ƙone gidan a kansa. Muddin ta yi shiru yana nan a gabanta, tana jin ɗumin hannunsa a ƙafarta. Sai ta yi shiru. Ta damƙe wuyan rigarsa da hannu biyu ta cije leɓe. Dutse ya faɗo a kan kwanon kicin, wani ya biyo shi.

"Kaltum," in ji Bulama daga bakin zaure, "mutane ƙaruwa suke."

Ta dubi jinin da ke fuskar yaron, ta saki rigar yatsa bayan yatsa.

"Na yafe maka duniya da lahira," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Tashi ka tafi."

Ya tashi ya tafi. Ta tsaya a tsakar gida tana jin ƙarar kekensa a cikin hayaniyar, tana rarrabe ta da ta sauran biyun, har ta kai inda ba ta iya rarrabewa.